Sirace da Ganyen Na'ana'a

A bencin jiran likita, wata mata ta ga ta kusa da ita tana shaƙar maganin asma.

"Sannu, Yaya. Tun yaushe?"

"Tun da al'ada ta ɗauke min. Likita ta ce sinadaran jikin mace ne suka ja baya, shi ne ciwon ya taso."

"Ni ma haka. Ki haɗa da siracen na'ana'a mana. Ni 'yata ke lulluɓa min bargo, ta tsaya a kaina har in yi gumi."

"Ganyen na nan a tagata, ya cika tukunya. Shekara biyu ina ba shi ruwa."

"To me kike jira?"

Ta jujjuya maganin a hannunta.

"In numfashina ya sarƙe a ciki, ƙanwata, wa zai yaye bargon?"