Ganga da Muryar Fiyano

A tashar Zuru, cikin motar Kontagora, wata mata ta rungume ƙaramin fiyano na lantarki naɗe a zane. Mutumin da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Madam, lalacewa ya yi?"

"Ban sani ba, Malam, gyara zan kai shi. Na haɗa shi da kwamfuta a gida, na ɗauki kiɗan ganga da jita da sarewa. Da na kunna, duk suka fito da muryar fiyano."

"Ikon Allah! Har gangar? A wane layi kika sa kowanne?"

"Duk a na ɗaya."

"To lahiyarshi lau. Wayar da ta haɗa shi da kwamfuta umarni take kaiwa, ba sauti ba. Ki ba kowanne layinshi, ganga kuwa na goma ne nata."

"Kai makaɗi ne?"

"A'a, albasa nike saidawa. Na taɓa zama situdiyo a Kano, kafin Baba ya ji labari ya hana ni. Waƙar coci ce?"

"Ta maigidana ce, soja ne a Darfur. Shi ya fara ta, ni nake ƙarasawa. Jibi abokinsa zai koma, zai kai masa kaset."

"To sauka, kada ki ɓata yini a hanya."

Ta sauka, sai ta leƙo ta taga. "Malam, in ya sake ƙi fa?"

Ya daɗe yana kallon fiyanon, sannan ya ce, "Direba, ka ba wani kujerata, ni ma sauka zan yi."