Inda Wutar Ta Faro

A tashar Illela wani mai fenti yana zane a bayan babbar mota. Wani dattijo mai jiran motar Ƙonni ya tsaya yana kallo.

"Samari, mi ne wanga? Kowa zaki yake zanawa, kai sai itatuwa baƙaƙe ƙirin."

"Dajin ƙauyenmu ne, Baba. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta bushe, wuta ta cinye shi har da rumbunan mahaifina. Da gawayin wurin na haɗa baƙin fentin."

"Allah shi maida alheri. Wancan gawo mai reshe biyu na san shi. Amma ka yi kuskure a zanen, ba daga gabas wutar ta taso ba. Gindin gawon ta faro, inda aka sa wa ramin gafiya hayaƙi. Iska ce ta juya."

Mai fentin ya aje burushi.

"Shekara guda muna tambaya, Baba. Ba wanda ya san inda ta faro."

Motar Ƙonni ta cika. Dattijon bai motsa ba.

"Mahaifin naka yana raye?"

"Yana raye. Hatsin sadaka yake ci."

"To, wanke hannunka ka kai ni wurinshi."