Makullin Da Na Sa Wa Faifan Baba Ladan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin masarauta, Allah ya ja zamanin wanda ya aiko ka, hakimai da dagatai, Sarkin Jirgi da jama'arsa, shugabannin ƙungiyar matuƙa jirage na Yelwa da Wara da Shanga, malamanmu, iyayena mata masu bandar kifi, da suka kashe wuta yau suka zo, 'yan'uwana na tungayen bakin tafki, da suka sha ruwa suka sha rana kafin su iso, jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Asama'u, malamar firamare ce ni a nan Yelwa, kuma ɗiyar wancan dattijo mai farin rawani, Malam Ladan, wanda ya fara tuƙa jirgi tun kafin madatsar Kainji ta shanye gonaki da garuruwa. Ina gode wa Allah da ya nuna mana yau. Ina gode wa ƙungiya da ta ba mu jirgi da mai. Ina gode wa Abdulƙadir mai ɗaukar hoto, mutumin tudu, wanda ya kwana arba'in yana amai a cikin jirgi, amma bai taɓa sakin kyamararsa ba. Magana uku na zo da ita, kuma ta tsakiyar ba ta yi mini daɗin faɗi.

Ta farko, abin da ke cikin faifan nan. Ku matuƙa kun fi ni sani, ƙarƙashin wannan tafki daji ne. Itatuwan da ruwa ya rufe suna nan tsaye, ba su faɗi ba, ba su ruɓe ba. In ruwa ya cika, ka wuce ta kansu ba ka sani ba. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai kan kututture ya tsaya taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, yana jiran cikin jirgi. Baba ya san su ɗaya bayan ɗaya, domin ya ɗaure akuya a gindin wasunsu yana yaro. Muka ɗauke shi a jirgi, yana nunawa da gora, yana cewa in ka ga dutsen can ya daidaita da giginyar can, to karkata dama, akwai maɗaci a gabanka. Abin da muka zuba a faifan DVD ke nan, hanya bayan hanya, tun daga Shanga har Wara. Buƙata ɗaya ce: ya isa hannun kowane matuƙi kafin ruwa ya ja baya. In ya wuce wannan lokaci, ya zama fim ɗin kallo kawai.

Ta biyu ita ce wautata, kuma zan faɗe ta da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Akwai wani bawan Allah a kasuwar Wara, Malam Sufyanu, ga shi can yana sunkuyar da kai. Sana'arsa kwafar faifai. Ka kawo masa faifai da safe, kafin azahar ya haifa maka goma. Tun ba mu gama aiki ba nake jin zafinsa, alhali bai yi mini komai ba. Na ce wahalar ubana, da aman Abdulƙadir, wani ya zauna a inuwa ya kwafe? Ba za a yi ba! Na ɗauki uwar faifan na tafi Kano, wurin wani kamfanin buga faifai, na ce ina son ɗari biyar, kuma a sa musu makullin da ba mai iya kwafa. Suka ce, Malama, in ba makulli kwana biyar ne, in da makulli sai an tura Legas, mako uku. Na ce a tura. Har da buga tebur.

Jama'a, mako uku ya zama shida. Shida ya zama tara. In na buga waya, yau a ce injin ya lalace, gobe a ce mai injin ya tafi biki. Da aka gama, motar da ta ɗauko kwalayen ta mace a Kontagora, ta kwana takwas, faifanmu na ƙarƙashin buhunan wani mai tukwane. Ni kuwa kullum kafin in tafi makaranta sai na biya ta bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, na duba wani dutse da na sa wa alama. Kullum ruwa na ja baya, dutsen na ƙara fitowa. Na ji tsoro, wallahi na ji tsoro, irin wanda ke hana mutum cin abinci.

Ranar da kwalayen suka iso, na sa ɗaya a sabuwar na'urar falona, ya yi tas. Na yi guɗa ni kaɗai. Washegari muka shiga jirgi zuwa tunga ta farko, aka tara matuƙa a ƙarƙashin rumfa, aka jona tsohuwar na'urarsu da batirin jirgi. Ta haɗiye faifan, ta yi gurnani, ta tofo shi. Muka sa wani, ta tofo. Muka je tunga ta biyu, haka. Ashe makullin nan bai san ɓarawo ba, bai san mai gida ba. Duk tsohuwar na'ura ƙin ta yake yi, kuma a bakin tafkin nan wa ke da sabuwa? Sannan ga abin da na sani tun ina yarinya amma fushi ya mantar da ni: mutanenmu ba sa zuwa Yelwa sayen faifai. Mutum ɗaya ke samu, ranar kasuwa ya kai a kwafa, kowane jirgi ya koma tungarsa da nasa. Hanyar ke nan, ba wata. Ni da hannuna na toshe ta.

Na dawo gida na faɗa wa Baba. Ya ce, "Asama'u, wa yac ce ki kulle? Ni da niz zauna cikin jirgi kwana arba'in ina nuna itace, abin da nika so a zo a ɗauka. Wanda yas sata ma na gode mishi. Ke ko kinka sa ƙohwa."

Ranar kasuwar Wara na rufa mayafi na nufi rumfar Malam Sufyanu. Ban gama sallama ba ya ce, "Malama, ai an kawo min faifan ga naki, sau ukku ina gwada shi, ya ƙiya. Kullin ga naki ya yi kyau, wallahi." Yabon da ya fi kowane zagi ciwo ke nan. Na ciro uwar faifan, wadda ba makulli a kanta, na ajiye a gabansa, na ce, "Malam Sufyanu, kwafa. Kwafa har injinka ya gaji."

Ya ture faifan waƙoƙi gefe, ya ture na wasan kwaikwayo, ya kwana huɗu ba abin da yake bugawa sai Baba da gorarsa. Iyayena masu kifi suka ɗauka a cikin kwanduna. Masu shinkafa suka soke a bakin buhu. Masu nono suka kai inda jirgi ba ya zuwa. Abin da kamfani da Legas da babbar mota suka kasa a mako tara, mutanen bakin ruwa suka gama shi a kwana goma sha ɗaya! Ba tungar da faifan bai kwana ba. Waɗancan ɗari biyar masu makulli kuwa, kada ku ce sun yi asara: manoman shinkafa sun rataye su a igiya, suna walƙiya suna korar tsuntsaye, kuma an ce mini ba su taɓa ganin abin da ya kai su aiki ba.

Ta uku, ita ce dalilin wannan taro. Bazara ta zo, ta wuce, ruwa ya fara dawowa, kuma shugaban ƙungiya ya shaida mini cewa bana ba jirginsu ko ɗaya da kututture ya fasa.

Amma bari in ba ku ɗaya tak. Akwai wani matuƙi, Jabiru, wanda bai cika shekara da karɓar inji ba. Wata ranar kasuwa ya taso da mutane da kaya maƙil, ya yanke hanya don ya riga hadari. Yana cikin gudu sai ya ɗaga kai ya ga dutse ya daidaita da giginya. Ya ce muryar Baba ya ji a kunnensa. Ya rage wuta, ya karkata dama. Waɗanda ke gefen hagu suka ga baƙin kan itace ya wuce su, har wata ta ce da ta miƙa hannu da ta taɓa shi. Faifan da Jabiru ya kalla kwafin kwafi ne, ko suna babu a jikinsa.

Mutum talatin da biyu ne a jirgin nan, kuma na roƙe su su zo. Jabiru, miƙe. Duk wanda ya shiga jirgin Jabiru ranar nan, don Allah ya miƙe tsaye. Inna Delu, miƙe da jikokinki. Sadiya, miƙe a hankali, kada ki tada jaririn, shi ma a cikin jirgin yake, sai dai lokacin bai fito duniya ba. Jama'a, ku dube su. Ku dube su da kyau. Baba, ga su nan, ba wanda ya ragu.

Saboda haka, a gaban wakilin masarauta, a gaban malamai, da yawun Malam Ladan nake cewa: wannan faifai ba shi da makulli, kuma ba za a ƙara sa masa ba. Mai inji ya kwafa, mai jirgi ya kai, mai na'ura ya tara maƙwabta. Wanda ya ɓoye nasa, shi ne ya ci amanarmu.

Allah ya tsare masu shiga ruwa da masu jiran su a gaɓa. Allah ya jiƙan waɗanda tafkin nan ya riƙe a shekarun baya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa wa sana'ar kowa albarka, ya raya wannan jariri. Waɗanda za su koma ta mota, Allah ya kai ku lafiya. Waɗanda za su koma ta ruwa, Allah ya sauke ku a kwatarku lafiya.

Na gode.