Hannun Mai Feshi

A tashar Ƙaura Namoda, Sirajo ya miƙa wa wani dattijo hannu. Dattijon ya dubi farin tabon da ya cinye yatsunsa, ya dafa ƙirji kawai.

"Kuturta ce, malam?"

"A'a, Baba. Shekara goma ina feshin maganin ciyawa a gonakin Dauran, ba safar hannu. Likita ya ce wataƙila shi ya sa garkuwar jikina ta koma yaƙar fatata. Ba a ɗauka."

"Mutanen gida sun yarda?"

"Tun bara kwanona daban."

"Ashsha! Mutane ba tsoron Allah."

Da motar Zurmi ta fara lodi, dattijon ya bari Sirajo ya zauna, sannan ya ce wa direba zai jira ta gaba.