Ranar Da Na Goya Ɗiyata

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Shekarar da aka canja kuɗi, mutane suna wuni a layin banki, na haifi ɗiyata Rifkatu a nan Dutsin-Ma. Maigidana yana koyarwa a Kurfi, sai ƙarshen mako yake zuwa. Mahaifiyata kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Da aka watse daga suna, daga ni sai jaririya sai waya.

Na shiga wani zauren masu jego a wayar. Kowa ɗanta ɓul-ɓul, kowa cikin kwalliya. Tawa sai kuka. Rannan wata ta turo bidiyon jaririn da aka ce ya mutu a goye, uwarsa ba ta sani ba. Na kalla, na sake kallo. Tun daga nan na kasa goya ɗiyata. Ko zani na ɗauka, sai in ajiye. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, masu sallama na daina amsa musu.

Wata Laraba da hantsi na kwantar da ita, na sa takalmi. Zuciyata tana cewa, "Tafi tasha ki bar ta, kowace mace ta fi ki iya riƙonta." Har na kama ƙofa! Abin da ya fito daga bakina kawai, "Yesu, riƙe ni!"

Ina buɗewa sai ga Mama Saratu, aminiyar mahaifiyata, ta zo daga Kutawa. Ta dubi takalmina, ta ji kuka daga ɗaki.

"Talatu, sai ina?"

Na nuna mata bidiyon a waya, na ce tsoron goyo nake yi. Sai ta ce:

"Miƙo wayar nan. Ita ta yi miki naƙudar? Duƙa!"

Na duƙa. Ta ɗora mini yarinyar, ta ɗaure zani da hannunta. "To, saurara." Na ji numfashinta a bayana, da ɗumi. Na fashe da kuka.

Ita ta raka ni asibiti na faɗi damuwata. Ta zauna da ni har na warware.

Ranar komawarta na miƙa mata turmin atamfa. Ta ture.

"Ajiye abinki, ɗiyata. Da na yi jinya, uwarki ce ta goya mini ɗana Iliya har ya yi ƙafa. Ta tafi ban rama mata ba. Yau na sauke."

Godiya ta tabbata ga Ubangiji! 'Yar'uwa mai jego, kada ki kulle ƙofa ki zauna da waya. Ki kira Shi, ki buɗe. Amin.