Tamimu Bai Girgiza Kwano Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro Alhaji Dabo, malamanmu ɗaliban ilimi, iyaye mata, direbobi da magina, 'yan'uwana Hausawan Riyad, barkanku da zuwa. Ina godiya da aka ba ni lasifika tun kafin a buɗe shinkafar kabsa, domin in aka buɗe, babu mai sauran kunne.

Sunana Hindatu, mahaifiyar Tamimu direba. Da furfura na koyi karatu, in na yi tuntuɓe ku yi haƙuri.

Na farko, likita ya ce jinin ɗana ya hau, kitse ya yi masa yawa, in bai rage tumbi ba zuciyarsa za ta gaji. Tun ranar, duk sanda yake hawa bene numfashinsa nake saurare.

Na biyu, ƙanwarsa Khalida ta nuna mini yadda mutanen Japan suke cin abinci tun kaka da kakanni: kifi, ganye, waken suya, mai kaɗan, 'yar shinkafa a ƙaramin kwano, kuma su tsame hannu tun ciki bai cika ba. Masana suna ganin hakan yana iya rage ƙiba da ciwon zuciya. Ku malamai kun san Sunna ma ta ce a bar wa numfashi wurinsa.

Sai na je kasuwar Aziziya na kwaso ganye, na sayi kifi, na samo kwano ɗan mitsitsi kamar finjalin gahawa. Ashe nan na jawo wa kaina. Yaron nan a garin nan ya tashi, ya san al'adar gahawa: ba a daina zuba wa mutum sai ya girgiza finjali. Na zuba masa abinci a kwanon, ya cinye, ya miƙo. Ya sake cinyewa, ya miƙo. Na ce ya isa haka. Ya dube ni ya ce, "Umma, aibi ne wallahi. Ai ban girgiza ba." A ƙaramin kwanon Japan ya ga ƙasan tukunya.

Yanzu ni nake kama hannunsa in girgiza masa.

Na uku, roƙona. Ga shi can ya zauna daf da tire yana sunkuyar da kai. Ku na kusa da shi, musamman kai Uwais mai yawan "tafaddal", wato "bismillah, ƙara", yau babu kwano, saboda haka in ya ci rabin rabonsa ku kama shi shi kansa ku girgiza. Na yafe muku. Ku yi dariya, amma ku yi mini. So nake shi ya raka ni makwancina, ba ni in raka shi ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya tsare zukatan 'ya'yanmu, ya sa albarka a taronmu da abincinmu, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.