Saniya Ɗaya, Ƙirga Biyu

A tashar Gure, Tahiru mai tsara wa na'urar ƙirga shanu aiki ya sami wani dattijon makiyayi, ya hau ƙorafi.

"Baba, Damagaram za ni in ce wa iyayen gidana na kasa, su sallame ni. In na danna saniya ɗaya, na'urar ta rubuta biyu."

"Maƙaryaciya ce?"

"A'a, tsari biyu na ɗora. Na ƙasa na sauraron maɓalli, na sama ma haka."

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya. "Ranar allurar shanu a Kelle, na ƙirga a ƙofar shinge, ƙanena a ciki, likita ya haɗa. Garkena ya ninka!"

"Kuka yi yaya?"

"Mai ƙofa kaɗai ke ƙirga, ya sanar da na ciki."

Tahiru ya zabura. "Na gano gyaran! Direba, sauke jakata, na fasa!"